Yadda Ake Auna Iska Da Zaɓar Fili Kafin A Kafa Injinan Lantarki Na Iska A Gombe

Duk wanda ya ci hunturu a Gombe ya san iska. Tun daga Nuwamba take shigowa daga arewa maso gabas, ta tsage leɓe da dunduniya, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta shimfiɗa ƙura a kan komai. Shi ya sa idan hira ta kai kan rashin wuta, ba a rasa mai cewa, to wannan iskar da ta dame mu, me ya hana a mai da ita lantarki? Tambayar tana da kyau, ina ma a yawaita yin ta. Sai dai iskar da ke kaɗa maka riga a ƙofar gida daban, wadda ke juya babban inji daban. Ita wannan tana can sama, tsakanin mita 80 zuwa 120 daga ƙasa, kuma ba mai iya faɗin ƙarfinta da baki. Sai an kafa ma'auni an bar shi ya ga hunturu da bazara da damina da kaka.

Abin da za mu bi a nan shi ne aikin da ake yi kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya. Na rubuta shi ne domin injiniyan ma'aikata, da ɗalibin da ke neman abin bincike a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, da ƙungiyar ci gaban gari da wani ya zo mata da maganar injin iska yana neman fili.

Lissafin da za ka riƙe a ka

Ƙarfin da ke cikin iska yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu. Iska mai gudun mita 4 a sakan ɗaya ta ba ka 64. Mai mita 5 ta ba ka 125, wato kusan ninki biyu. Mai mita 6 ta ba ka 216. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau takwas. To ka ga kuskuren mita ɗaya kacal a awo ya isa ya mai da aikin riba aikin asara, kuma duk wahalar da za ka gani a ƙasa daga nan ta samo tushe.

Matsakaicin gudu shi kaɗai ma yana ruɗi. Ɗauki wuri biyu. A na farko iska tana tafiya mita 5 kullum, ba ragi ba ƙari: 125. A na biyu rabin lokaci mita 2 ce, rabi kuma mita 8. Matsakaicinsu ɗaya, amma na biyu ya tashi 260. Saboda haka ake son sanin awa nawa iska ta yi a kowane gudu.

Abu na uku shi ne nauyin iskar. Takardun masu ƙera injuna suna yin lissafi da kilo 1.225 a kowace kubik mita, wato iskar bakin teku mai sanyin digiri 15. A wurin da ya ɗara teku da mita 500 kuma zafi ya kai digiri 30, nauyin yana sauka zuwa wajen 1.10. Kusan kashi 10 cikin 100 ya tafi ke nan tun ba a fara ba. Mai kawo maka takardar kamfani daga Turai ba lallai ya faɗa maka wannan ba.

Mataki na farko: wutar ta mece ce?

Ka tsai da wannan tun farko, domin shi ke nuna tsayin da za ka auna da kuɗin da za ka kashe. Ƙaramin inji na famfon ruwa ko na asibitin karkara yana zama a kan turke mai mita 15 zuwa 30, kuma dokarsa mai sauƙi ce: farfelar ta ɗara duk wani itace ko gini da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 9 ko 10. Babbar tasha mai zuba wuta a layin ƙasa kuwa sai an yi mata duk abin da ke tafe. Abin da ya wuce megawat 1 yana buƙatar lasisi, kuma tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, ka bincika ko NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta tarayya, za ka nufa ko hukumar jiha.

Mataki na biyu: fara daga kwamfuta

Akwai taswirar iska ta duniya mai suna Global Wind Atlas, aikin Jami'ar Fasaha ta Denmak tare da Bankin Duniya, kuma kyauta ce a intanet. Ta yanka ƙasa gida-gida, kowane gida mita 250, tana nuna iska a tsayin mita 10, 50, 100, 150 da 200. Ka buɗe ta, ka kawo Gombe, ka zaɓi mita 100. Ka duba abu biyu: matsakaicin gudu, da ƙarfin da ke ratsa kowace murabba'in mita, wanda ake ƙirga shi da wat. Na biyun ya fi faɗin gaskiya, saboda ya haɗa da lissafin nan na ninki uku. Kana iya zana iyakar wurin da kake so, ta fitar maka da inda iska ta fi fitowa da yadda take sauyawa wata-wata.

A Najeriya iska ta fi ƙarfi a can ƙuryar arewa da kuma kan tuddai irin na Filato. A Gombe idonka zai fara faɗawa kan duwatsun kudu, wajen Tula da Kaltungo da Billiri da Balanga, sannan buɗaɗɗun filayen Dukku da Nafada. Masu zuba jari galibi suna neman gudun mita 6 a sakan zuwa sama a tsayin da farfela za ta zauna. Ƙasa da mita 5, babban inji ba ya biyan kansa.

Amma ka sani, wannan taswira lissafin kwamfuta ce, ba wanda ya zo Tula ya kafa ma'auni kafin a zana ta. A ƙasa mai duwatsu ta fi yin kuskure, kuma can ne ka fi bukatarta. Aikinta ta rage maka faɗin jiha zuwa wuri biyar ko shida da suka cancanci a je a gani. Duk wanda ya kawo hotonta a matsayin hujjar ba da kwangila, a mai da masa takardarsa.

Ka nemi bayanan NiMet ma, wato hukumar kula da yanayi ta ƙasa. Tashoshinta suna auna iska a mita 10, yawanci a filayen jirgin sama. Za su nuna maka yanayin shekaru da alƙiblar iska, amma ba za a lissafa wutar tasha da su ba. Ga dalili. Ana ƙiyasta gudun iskar sama daga wanda aka auna a tsayin mita 10 da wani ma'auni da littattafai suka saba sa wa 0.14. Idan ka sami mita 4 a ƙasa, da 0.14 zai zama 5.4 a tsayin mita 80. Idan kuwa ainihin ma'aunin wurin 0.25 ne, zai zama 6.7. Tsakanin biyun nan ƙarfi ya kusan ninkawa, duk a kan lamba ɗaya da aka ɗauka da ka.

A yankinmu wannan matsala ta fi tsanani. Da daddare ƙasa tana hucewa, iskar ƙasa ta kwanta lif, har ganye ba ya motsi. A daidai lokacin nan, 'yan ɗaruruwan mita a sama, iska tana gudu sosai, domin ta rabu da gogayyar ƙasa. Idan rana ta fito ta ɗumama ƙasa, sai ta sauko, shi ne iskar hantsin nan da ke tashi da hunturu. Masana yanayi sun daɗe da sanin wannan hali na Sahel. Ma'aunin mita 10 zai ce maka dare babu iska, dogon inji kuwa wataƙila lokacin ya fi aiki.

Mataki na uku: soke wuraren da ba za su yiwu ba

Wannan aiki ne na manhajar taswira, kuma QGIS kyauta ce. Ka sauke taswirar iskar ka shimfiɗa, sannan ka riƙa ɗora wasu a kanta kana sokewa.

Fara da mutane. Ƙa'idojin Bankin Duniya sun ce ƙarar da ke isa gidaje kada ta wuce desibel 45 da dare, inuwar fukafukai mai wucewa ta taga kada ta wuce awa 30 a shekara, kuma a bar tazarar da ta kai tsayin inji sau ɗaya da rabi tsakaninsa da inda jama'a suke. A aikace masu tsarawa sukan ja da baya mita 500 ko fiye daga gidan ƙarshe. Ka ƙara a kan haka, domin garuruwanmu suna faɗaɗa, gonar bana ita ce unguwar baɗi waccan. Kada ka manta da rugage. Ba su cika fitowa a taswirar gwamnati ba, amma hoton tauraron ɗan'adam yana nuna su.

Sai ka soke dazukan gwamnati irin na Kanawa, da bakin Kogin Gongola da madatsun Dadin Kowa da Balanga inda tsuntsaye ke taruwa, da hanyar saukar jirgi a Lawanti. Makiyayar Wawa-Zange da burtalai ba a shiga su da alƙalami daga ofis. Dabbobi suna iya kiwo a ƙarƙashin injuna ba abin da zai same su, amma wannan magana ce da za a zauna a yi da arɗo da jama'arsa. Ka soke gangare mai tsauri, wanda ya wuce digiri 17 ko kusa da haka: iska tana rikicewa a kansa, kuma motar ɗaga kaya ba za ta hau ba. Ka soke bakin kwazazzabai, waɗanda Gombe ba ta rasa su ba.

Yanzu ka ɗora layukan wuta, kuma nan nake so ka daɗe. Gombe tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi: babbar tashar TCN, kamfanin manyan layukan wuta na ƙasa, mai kilobolt 330, inda layin Jos yake sauka ya wuce Yola da Damaturu, ga kuma megawat 40 na ruwa a Dadin Kowa. Ka auna nisan kowane wuri zuwa tashar da za ta karɓi wutar, ka kuma tambayi TCN da kamfanin rarraba wuta na Jos ko taransifomar wurin tana da sarari. Kenya ta sha wannan darasi da tsada. Tashar Tafkin Turkana mai megawat 310 da injuna 365 ta kammalu a 2017, amma layin da zai kwashi wutar, mai sama da kilomita 400, bai kammalu ba sai 2018. Injuna suna tsaye, iska tana wucewa, gwamnati tana biyan kuɗin wutar da ba wanda ya sha. Wuri mai iskar mita 6.5 kusa da layi yakan fi mai mita 7 da ke bayan duwatsu.

Mataki na huɗu: taka da ƙafarka

Ba a shiga dajin mutane da na'ura kai tsaye. Ka fara gaida hakimi, ya haɗa ka da dagaci, shi kuma ya ba ka wanda ya san wurin. A ƙasar Tangale da Waja da Tula wasu duwatsun suna da tsofaffin matsugunai da kaburburan kakanni, kuma ba taswirar da za ta gaya maka haka.

Ka tambayi mutane, ka kuma iya tambaya. Idan ka ce akwai iska a nan, kowa zai ce akwai. Ka tambayi mata inda suke kai hatsi shiƙa da lokacin da suke fita. Ka tambayi makiyayi wane tudu ne ba sa kwana a kansa da sanyi. Ka tambayi wace shekara hadari ya kwashe rufin kwano, daga ina ya taso. Ka dubi itatuwa ko sun karkata gefe guda. Wannan ba ya maye gurbin awo, amma yana nuna maka inda za ka kafa turke.

Tudun da ake so shi ne mai doguwar ƙirji mai laushi, wanda ya gitta wa iska, domin idan ta hau shi takan matse ta ƙara gudu. Dutse mai tsini ko bakin rami yana jujjuya ta, jujjuyawar nan kuwa ita ke gajiyar da fukafukai da giyar injin. Ka duba ƙasar: baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta wajen Deba, tana sa harsashi ya yi tsada. Ka kuma bi hanyar da mota tun daga babban titi kana tuna cewa fiffiken babban inji yana kai mita 60 zuwa 80, kuma daga tashar jirgin ruwa zai taso. Kowace kwana, kowace gada, kowane shataletale abin lissafi ne.

Tsaro ma yana cikin zaɓen fili. Tashar Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 da injuna 37 masu kilowat 275 kowanne, an faro maganarta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta ɗauki sama da shekara 10 ana jan ƙafa, kuma sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disamba 2012 yana cikin abin da ya tsai da ita.

Mataki na biyar: kafa turken awo

Kafin ƙarfe ya tashi, ka sami yarjejeniya a rubuce da mai gonar, da shaidar dagaci, a faɗi kuɗin haya da tsawon lokaci, a kuma faɗi ƙarara cewa awo ne ba sayen fili ba. Ka nemi izinin tsayi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, ka sa fenti ja da fari da fitila a ƙoli.

Tsayin turken ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na tsayin da farfela za ta zauna. Idan injin mita 100 kake tunani, turke ya kai mita 70 ko 80. Ma'aunin gudu shi ne na'urar nan mai kofuna uku. Ka sa su a hawa uku ko huɗu, misali mita 40, 60 da 80, biyu-biyu a manyan hawa, domin idan ɗaya ta yi ƙarya 'yar'uwarta ta tona ta. Kowace ta zo da takardar gwajinta daga ɗakin gwaji da aka amince da shi, mai lambar na'urar a jiki. Ka sa kibiyar nuna alƙibla guda biyu, ka daidaita su da arewa ta gaskiya, ka rubuta yadda ka yi. Ka ƙara ma'aunin zafi da na matsin iska, don da su za ka lissafa nauyin nan da muka faɗa.

Ana ɗora na'urorin a kan dogayen hannuwa da suka miƙe daga jikin turken, don kada shi kansa ya tare musu iska. A nan yanayinmu ya sauƙaƙa mana. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, suna fuskantar juna. Saboda haka hannuwan su nufi arewa maso yamma da kudu maso gabas, kowace iska ta zo ta same su a fili.

Akwatin naɗar bayanai yana karanta gudu kowane sakan, yana ajiye matsakaici na kowane minti 10, tare da mafi ƙarfi da mafi rauni da gwargwadon yadda ta yi ta hawa da sauka. Ka sa masa farantin sola da batir da layin waya, ya riƙa turo bayanai kullum. Ka saita agogonsa, ka rubuta ko agogon Najeriya ne ko na duniya, domin bambancin awa ɗaya zai ɓata maka haɗi da wasu bayanan daga baya. Sandar kama aradu a ƙoli da wayar da ta sauka cikin ƙasa wajibi ne.

Wasu za su ce me ya sa ba za a rataya na'ura a ƙarfen sabis ba, tunda ga su ko'ina? Don leƙen farko yana da amfani, musamman ga ɗalibi mai ƙaramin kuɗi, idan an sa doguwar hannu. Amma faranta da akwatunan da ke jikinsa suna ɓata iska, kuma an kafa shi ne inda masu waya suke. Banki ba zai ba da bashi a kansa ba. Akwai kuma na'urar lida, mai zama a ƙasa tana harba haske sama tana auna gudun ƙurar da iska ta ɗauko har mita 200. Ƙura kuwa muna da ita. Tana da tsada, amma ana iya ɗaukar ta daga tudu zuwa tudu, kuma ta fi kyau a haɗa ta da turke.

Mataki na shida: shekara guda ta haƙuri

Wata 12 a jere shi ne mafi ƙaranci, shekara biyu ta fi. Wanda ya auna daga Disamba zuwa Fabrairu ya dawo da murna, hunturu kawai ya gani. Ana son a samu sama da kashi 90 cikin 100 na bayanan shekarar.

Nan ne aiki ya fi mutuwa, kuma ba lissafi ke kashe shi ba, ƙananan abubuwa ne. Ƙura tana rufe farantin sola, batir ya mutu, a yi asarar mako uku a tsakiyar hunturu. Tana shiga boris ɗin da kofuna ke juyawa a kai, su riƙa juyawa da nauyi, ma'auni ya riƙa rage gudu a hankali ba wanda ya lura. Ɓera yana cin waya. Shanu suna soshe jiki da igiyoyin ƙarfen da ke riƙe turke. Gobarar daji da kaka tana lashe akwati. Hadarin farkon damina, wanda yake tasowa daga gabas da ƙarfin gaske, yana sassauta igiya. Maganin duk wannan sananne ne: shinge a gindin turke da gindin kowace igiya, share ciyawa kafin ta bushe, saka waya cikin bututu, da mai gadi ɗan garin wanda ake biyan sa a kan kari, aka kuma koya masa goge faranti. Wani ya riƙa buɗe bayanai kowane mako ba fashi. Kowace ziyara a rubuta ta a littafi, da rana da abin da aka taɓa.

A cikin wannan shekarar ce kuma za a fara ƙirgar tsuntsaye da jemagu, domin ita ma sai ta zagaya shekara. Shamuwa tana zuwa da damina, wasu tsuntsayen suna saukowa daga Turai da rani, ungulu kuwa ta riga ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma manyan tsuntsaye masu shawagi su suka fi faɗa wa fukafukai. Dokar nazarin tasirin muhalli ta 1992 ta wajabta wannan bincike ga babban aiki, kuma wanda ya bar shi sai ƙarshe ya ƙara wa kansa shekara.

Mataki na bakwai: tace bayanai, ka auna su da shekarun baya

Ka cire duk inda ma'auni ya tsaya a lamba ɗaya na awoyi, da inda biyun da ke hawa ɗaya suka saɓa, da lokacin da turke ya tare wa ɗaya iska. Kada ka cike gurbi da ƙiyasi ba tare da ka yi masa alama ba. Sannan ka fitar da abu biyar: awoyin kowane gudu, alƙiblar da ƙarfi ya fi fitowa, yadda gudu ke ƙaruwa da tsayi dare da rana, gwargwadon rikicewar iska, da bugu mafi ƙarfi da aka gani.

Shekararka ɗaya tana iya zama mai iska fiye da yadda aka saba, ko ƙasa da haka. Don gane wannan ana ɗauko dogayen bayanan yanayi irin ERA5 na Turai ko MERRA-2 na hukumar NASA ta Amurka, waɗanda suka haɗa shekaru da dama. Ka jera watanninka 12 da nasu na daidai lokacin, ka ga alaƙarsu, sannan ka yi amfani da alaƙar ka ƙiyasta abin da turkenka zai gani a shekara 15 ko 20. Idan alaƙar ta yi rauni, ka ƙara wa'adin awo.

Mataki na takwas: taswirarka, da jeren injuna

Turke wuri ɗaya ya auna. Don a baza sakamakonsa a kan fili duka, ana zuba shi a manhaja irin WAsP ko windPRO tare da taswirar tudu da kwari da ta abin da ya rufe ƙasa, gona ce ko daji ko gari. Abin da zai fito shi ne taswirar iskarka ta gaskiya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa turke ɗaya yana wakiltar kilomitoci. A duwatsun Tula da ka yi nisa kaɗan labari ya sauya, sai an ƙara turke ko a zaga da lida.

Wajen zaɓen inji, ka nemi na ƙaramar iska: doguwar hasumiya, faffaɗar farfela, janareta madaidaici. Yawancin injuna suna fara aiki a mita 3 zuwa 4, su cika ƙarfinsu a 11 zuwa 13, su tsai da kansu a wajen 25. Da yawa an ƙera su ne su yi aiki har digiri 40, Gombe kuwa tana haura haka a Maris da Afrilu, saboda haka a nemi samfurin ƙasashen zafi mai matatar ƙura.

Injin gaba yana cinye iskar na baya. Shi ya sa ake barin faɗin farfela sau 3 zuwa 5 tsakanin maƙwabta a gefe, da sau 7 zuwa 10 a bin iska. Tunda iskokinmu biyu a layi ɗaya suke, jeren ya miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Filin da harsashi da hanyoyi ke ci kaɗan ne, saura ana ci gaba da noma shi, kuma wannan ya kamata ya shiga yarjejeniya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa takardar mallaka a hannun gwamna, a Gombe ta hannun GOGIS, hukumar takardun filaye ta jiha, ake bi, amma takarda ba ta hana rigima idan ba a biya diyya ga ainihin mai noman wurin ba.

Mataki na tara: lissafin wuta da yanke shawara

Ka haɗa awoyin kowane gudu da jadawalin ƙarfin injin, bayan ka gyara shi da nauyin iskar wurin. Ka cire asarar inuwar injuna, da ta waya da taransifoma, da kwanakin gyara, da ƙurar da ke manne wa fukafukai, da lokutan da layin ƙasa ya faɗi ba inda za a zuba wuta. Wannan na ƙarshen kada ka kwafo shi daga littafin Turai, ka karɓo tarihin layin daga masu shi. Shekara awa 8,760 ce. Injin megawat 2 da ya ba da kashi 25 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa zai samar da megawat-awa 4,380. Idan kashi 15 ne, 2,628. Banki ba ya kallon adadin tsakiya, yana kallon wanda ake da tabbacin kashi 90 cikin 100 za a kai shi, kuma kyawun awonka ne ke matso da biyun kusa da juna.

Daga nan ka ajiye sakamakon kusa da na sola, awa da awa. Rana muna da ita a yalwace, kuma a wurare da yawa na Gombe ita za ta yi nasara a farashi. Darajar iska tana inda ta cike gurbin rana: da dare, da asuba, da kwanakin da hazo ya dusashe faranti. Idan bayananka sun nuna haka, tashar haɗin gwiwa ta iska da sola mai raba layi ɗaya tana iya fin kowacce ita kaɗai, har ta rage yawan batir. Idan kuwa sun nuna mita 4.5 ce a tsayin farfela, ka rubuta haka ƙarara a shafin farko na rahoto, ko da mai ba da aikin ba haka ya so ji ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kuɗin turke ba komai ba ne a kan kuɗin injin da zai tsaya yana tsatsa.

Ko amsar ta zo da e ko da a'a, kada bayanan su tafi da ɗan kwangila. A sa a yarjejeniya tun farko cewa kwafin ɗanyen bayanan minti 10 zai zauna a ma'aikatar da ke kula da makamashi da kuma jami'a, tare da lambobin wurin turke, tsayin kowace na'ura, alƙiblar hannuwa, takardun gwaji, hotuna daga kusurwa huɗu da littafin ziyara. Idan an sauke turken, a mai da ma'aunan ɗakin gwaji a ga ko ƙura ta sauya su, a cire ƙarafan gindi daga gonar, sannan a kai turken tudu na gaba a jerinka.